Ba Wanda Ya Ɗauko Namiji

Wautar da muka tafka ranar da Daula ta tashe mu, ko yaran goye ba za su yi ta ba. Gari guda, manoman dabino tun kaka da kakanni, amma aka rasa mai hankali ɗaya da zai ɗauko namiji.

Bari in faro daga tushe, kada a ce tsohuwa ta fara sambatu. Kakanninmu a jirgi suka zo wannan duniyar, daga tsohuwar duniyar da babu wanda ya taɓa gani a cikinmu. Suka tarar da jar ƙasa da wata 'yar rana kamar gwaiduwar ƙwai. Ba tsuntsu, ba ƙwaro, iska ma a kwarinmu sai an roƙe ta take kaɗawa. Abin da ya yarda ya zauna da su shi ne dabino. Shi kuwa dabino akwai mace akwai namiji. Macen ce ke haihuwa, namijin fure kawai yake yi, cike da wani farin gari. Sai mutum ya hau namijin ya yanko furen, ya je ya cusa 'yan tsinkayensa cikin furen macen, ya ɗaure. Aure muke ce wa wannan aikin. In ba a yi shi ba, 'ya'yan su fito ƙanana, ba ƙwallo ba zaƙi, su zube tun suna kore.

Matan dabino kowa da nasa, har da shinge da rigimar iyaka. Mazan kuwa suna can bakin rijiyar gari. Na kowa ne, wato dai ba na kowa ba.

Da sojojin Daula suka sauko, ba su yi wani dogon bayani ba. Suka ce kwarin nan da ruwansa na Daula ne, an ba mu wani fili can bayan duwatsu. Motoci za su zo da safe, kowane gida ya ɗauki kayan ɗaki da dashen dabino ƙwaya ɗaya tak, irin 'ya'yan nan da ke tsirowa a gindin uwa. To, me kake tsammani? Kowa ya ruga wurin macen da ta fi haihuwa a gonarsa. Ni ma haka, ina kuka ina haƙa. Kowa ya ɗauka maƙwabcinsa zai tuna da namiji. A hanya kuma yunwa ta sa muka cinye ɗan dabinon da ke aljihu, muna tofar da ƙwallon ta tagar mota kamar wasu masu arziki.

Sai da muka gama shuka a sabon filin, ƙasa fara fat da gishiri, gidajen kwano a jere kamar akwatuna, sannan Ungozoma ta riƙe ƙugu ta dubi gonar.

"Wai ina aka shuka mazan?" in ji ta.

Kowa ya dubi kowa. Rannan na ga manyan mutane masu furfura suna lalube a aljihu ko ƙwallo ɗaya ya maƙale. An sami kaɗan an shuka, amma dabinon ƙwallo ba ya sauri, har yau ko gwiwata bai kai ba.

Abin bai zama abin dariya ba saboda dokar Daula. Filin da bai ba da amfani ba a shekara ta biyar, za a karɓe shi. Tsofaffi a tara su a gidan ajiye tsofaffi, masu ƙarfi a jika kuma a loda su zuwa ramukan haƙar ƙarfe da ke kan wata, can a sama. Ba mu taɓa jin wanda ya je can ya dawo ba, ko gaisuwa ba a aikowa. Ni ba ta kaina nake ba. Maigidana ya rasu a shekara ta biyu, tarin gishirin nan ne ya ci ƙirjinsa. Abin da ya bar mini 'ya ɗaya ce, 'Yar Baba muke ce mata don shi ya shagwaɓa ta. Ta zama budurwa, ga tsawo ga ƙarfi, daidai irin waɗanda Daula ke so. Duk lokacin da na ga ta ɗauki tulu biyu a tafi ɗaya, sai in tuna da ramukan nan.

Shekara ta biyar ta shigo, itatuwan suka yi mana abin da muke tsoro: suka yi fure. Fure mai kyau kuwa, kowace ta fasa kube ta fito da tsinkaye farare. Muna tsaye muna kallo kamar an shirya amarya an manta ba a nemo ango ba.

A cikin wannan hali ƙanin mijina ya shigo gidana da hantsi. Shi ke tuƙa tankar da ke kawo mana ruwa daga tsohuwar rijiyarmu, don haka Direba kowa ke ce masa. Mutane suna shan ruwan da ya kawo, amma ba sa amsa gaisuwarsa da kyau, wai yana yi wa Daula aiki.

"Matar Yaya, ba ko ruwa?" ya ce, yana zama kan turmina.

"Kai da ke yawo da tanka guda kake roƙona ruwa? Tashi min daga turmi, kada tumbin nan ya fasa shi."

Ya yi dariya, amma ba ta kai ido ba. Ya leƙa waje, ya rage murya.

"Mazan bakin rijiya an sare su tun bara. Masu kula da gonar suka ce itacen da ba ya haihuwa ba zai sha ruwan Daula ba. Ban faɗa wa kowa ba, don kada gari ya mutu a tsaye."

Na ce, "To, shi ne ka zo ka kashe ni ni kaɗai?"

"Saurara mana. Jiya na hau saman tanka zan rufe murfi, na hango kan wani namiji a bayan tsohon gidanku. Ya yi fure."

Na san shi sarai. Wani shegen namiji ne da ya tsiro da kansa kusa da makewayi. Shekara da shekaru ina fama da marigayi ya sare shi, don ƙayarsa ta yaga min zannuwa ba adadi. Kullum sai ya ce, "Gobe." Allah ya jiƙan bawan nan, bai taɓa cika goben nan ba.

"Ka hau ka yanko mana," na ce.

Direba ya dubi cikinsa, ya dube ni. "Ni da ko kujera na hau sai jiri ya ɗebe ni? Kuma ba a yarda in bar mota ba. Amma an yarda in ɗauki mai riƙe min tiyo."

Washegari na ɗaura ɗamara, na soke wuƙar yanka fure a cikin zani, na hau gaban tanka. A shingen sojoji wani yaro mai kwalkwali ya leƙo, ya ga tsohuwa rungume da tiyo, ya ɗaga mana hannu ko tambaya babu. Ban taɓa jin daɗin raini ba sai rannan.

Muka gangara kwarin. Ga layinmu, ga shagon Tela an mai da shi wurin ajiye taya. A bakin rijiya kututture ne a jere inda mazan suke. Na kau da kai. Direba ya ce in yi sauri, tanka ba ta daɗewa ba ta cika ba.

Wallahi na sha wuya a duniya, amma ban taɓa yin abin da ya ci min rai kamar tsayawa a ƙofar gidana ina sallama ba. Ƙofar da na shiga ina amarya. An shafe ta da shuɗin fenti, an rataya wata tsohuwar koma a kanta, irin ta kamun kifi, a garin da ko kwaɗo babu.

Wata mace ta fito, gajera, da goyo a baya, hannuwanta duk tabon igiya. Irin mutanen da Daula ta zuba a gidajenmu ne. Ba ta jin yarenmu, ba na jin nasu, sai muka lallaɓa da yaren Daula, ni guntu-guntu ita guntu-guntu.

"Baƙuwa, shigo," ta ce.

Baƙuwa! A gidana! Haka dai na shiga. Inda nake ajiye randa ta jera takalma. Ɗakin girkina ta mai da shi ɗakin kwana, ta koma tana girki a tsakar gida, hayaƙi duk ya ɓata bangon da nake shafewa kowace shekara. Ta kawo min ruwa a kofin da na manta a kan taga ranar tashi, mai ɗan karyayyen hannu. Na sha, don ƙishirwa ba ta san fushi ba.

Na nuna bayan gida na ce ina son furen itacen can.

"Na mene ne?"

"Magani," na ce. "Ciwon baya."

Ta ce in ɗiba. Ashe abin da ya cece shi daga gatari igiyar shanya ce. Da masu sara suka zo, ta tsaya ta ce in sun sare a ina za ta shanya tsumman jariri, su kuwa ba su da lokacin rigima da mai jego, suka wuce.

Na tuɓe takalma na hau. Gwiwoyina suna ƙara, ƙaya tana yi min sannu da zuwa, amma hannu bai manta ba. Furannin da suka nuna ba su da yawa, duka na yanko, na naɗe su a mayafi a hankali don kada garin ya zube. Na sauko. Na riga na ga 'Yar Baba ta tsira.

Har na kai zaure, matar ta riƙo gefen zanina.

"Ke mutumiyar nan ce," ta ce. "Kin hau kamar mai gida."

Ta shiga ɗaki ta fito da kwano cike da busassun 'ya'yan dabino, ƙanana, baƙaƙe, marasa ƙwallo.

"Kowace shekara haka. Mun ba su ruwa. Mun ba su taki. Mijina har magana yake yi musu." Ta girgiza kwanon. "Mu masunta ne. Duniyarmu ruwa ce duka, ban taɓa ganin itace ba sai da aka kawo mu nan. An ce in bana ma suka zube, ramukan wata za a kai mu. Yara kuma gidan renon Daula." Ta kai hannu baya ta dafa goyonta. "Me muke yi ba daidai ba?"

Kada wani ya ce tausayi ne ya kama ni nan take. Haushi ne ya fara zuwa. Na ji kamar in ce mata, ku zube mana, ku da itatuwan, wa ya gayyato ku? Abin da ke cikin mayafina ko mu bai ishe mu ba. Na taka har bakin ƙofa, ƙafata ɗaya a waje.

Sai jaririn ya yi atishawa. Garin furen ne ya shigar masa hanci. Ya yi ta biyu, ya ɓata fuska, ya dube ni kamar ni na aike shi. Uwar ta juyo da shi tana share masa hanci da bakin zani, tana faɗa masa wasu kalmomi da yarensu. Ban san kalmomin ba, amma na san abin da take cewa, don ni ma na faɗa wa tawa.

Na yi tsaki mai ƙarfi, na ce, "Ajiye kwanon nan ki biyo ni. Kuma ki yi sauri, ba ni da lokacin sakarci."

Na kai ta gonata, gun uwar dashen da na tafi da shi. Ta ƙara tsawo, ta yi fure har ya yi mata yawa. Na dafa ta, ban yi kuka ba, don ba a gaban baƙi ba. Na ce wa matar ta kwance goyo ta hau. Ai kuwa kafin in gyara ɗamara ta kai sama, ashe hawan dogon sandan jirgin ruwa ya fi wannan wuya. Na bi ta ina haki. Na nuna mata yadda ake karkaɗa tsinken namiji a kan furen mace, a juya shi kai ƙasa, a cusa a tsakiya. Da aka zo ɗauri, ta karɓe igiyar ta yi wani ƙulli da hannu ɗaya, wanda yake sakin jiki da kansa in nonon dabinon ya yi nauyi. Na ce ta sake in gani. Ta sake. Ban yaba ba, amma na koya.

Da muka sauko na buɗe mayafi na raba furen biyu. Na san da ran 'yata nake kyauta. Ta karɓa da hannu biyu, sannan ta kama hannuna ta ɗora a kan jaririn. Daga nesa Direba yana ta danna ham kamar zai fasa gari.

A gida kuwa na sha ruwan maganganu. Mutane suka taru a ƙofata, murna ta tashi, har sai da Direba, da bakinsa da ba ya riƙe komai, ya ce ai rabi ne wannan, ɗaya rabin na baro wa matar da ke tsohon gidana.

"Rabi?" in ji Maƙeri. "Kin ba waɗanda suka kwana a gadajenmu rabi?"

"Kai da ka san darajarsa, me ya hana ka ɗauko shi ranar tashi?" na ce. "Guduma uku ka ɗauko, na gani da idona."

Aka yi dariya kaɗan, amma ba ta wanke ni ba. Wata ta ce in aka kai 'ya'yansu ramukan wata, a wuyana. Wannan ta shige ni, don gaskiya ce.

Ungozoma ce ta raba gardamar. Ta buga sandarta a ƙasa ta ce, "Ku rufe mana baki, fure ba ya jiran masu faɗa." Ta ce a wata shekara da mazan suka yi rowa, ta ga mahaifiyarta ta busar da furen a inuwa, ta tankaɗe garin, ta gauraya shi da garin alkama don ya yi auki, sannan a dangwala auduga a cusa. Ba ta yi alkawarin zai kama ba. Ta ce dai ya fi zama a zuba tagumi.

Haka aka yi. Aka shimfiɗa furen a ɗakina, aka toshe ko'ina, aka hana kowa tari. Kowane gida ya kawo ɗan garin alkamar da Daula ke rabawa, wanda da ma bai isa ciki ba. Auduga kuwa matasan kai aka farke, Tela yana tsaye yana salati yana kallon aikin hannunsa na shekaru ana yagawa. Sa'armu ɗaya, itatuwan ba su yi tsawo ba, har tsofaffi suna iya kaiwa in sun taka kujera. 'Yar Baba ce ta riƙa zagawa da kwanon garin, ta rufe shi da tafin hannu kamar mai ɗauke da fitila a iska. Na koya wa kowa ƙullin masunta, ban faɗi inda na samo shi ba.

Daga nan sai jira, kuma jiran ya yi tsawo. Mata suka rage shigowa gidana. In na fita ɗiban ruwa, hira ta mutu sai na wuce. Kullum da safe in je in tsura wa itacena ido, ga 'yan ƙananan 'ya'ya kore sun fito uku-uku a kowane gurbi. In aure ya kama, biyu za su faɗi ɗaya ya yi girma da ƙwallo a ciki. In bai kama ba, duka ukun su zauna su tsumbure.

Ana cikin haka wata rana Direba ya tsaya a ƙofata, ya sauko da wani abu naɗe cikin jiƙaƙƙiyar koma.

"Ƙawarki ta ce in kawo miki."

"Ni ba ni da ƙawa a can."

"To, maƙiyiyarki ta ce in kawo miki."

Dashe ne, daga gindin namijin bayan gida, an ciro shi da saiwarsa tsaf. Rannan sai ga gari guda ana rigimar a ƙofar wa za a shuka shi. Maƙeri, da bakinsa, ya ce shi zai ƙera masa shingen ƙarfe. Na ce a shuka shi a tsakiyar gari, amma a san mai shi, kuma ni ce.

Bayan 'yan makonni na fita da sassafe na ga ƙasan itacena ta yi kore da 'ya'yan da suka zubo. Na ɗaga kai a hankali. Waɗanda suka rage a sama ɗai-ɗai ne, sun yi ɓul-ɓul kamar kan yatsa. Na tsinko ɗaya na gatsa. Bauri ya ɗaure min baki, haƙorina kuma ya daki abu mai tauri.

Ban san na yi ihu ba sai da na ga mutane suna fitowa da gudu, wasu ko takalmi babu. Kowa ya nufi nasa itacen. Ka ga manya da yara suna gatsa ɗanyen dabino suna yamutsa fuska suna dariya. Ba duka suka kama ba, na layin ƙarshe da garin ya ƙare a kansu sun tsumbure, matar Tela ta zauna a ƙasa tana kuka. Amma da aka zaga gonar kaf, waɗanda suka kama sun haura abin da dokar Daula ta nema, kuma dokar gari ɗaya take aunawa, ba gida-gida ba. Ba inda za a kai kowa. Wadda ta ce a wuyana ta zo ta rungume ni, ni kuwa ban tuna mata ba, ko da yake na so.

Na koma gida in wanke bakina. 'Yar Baba ta biyo ni, ta tsaya a bakin ƙofa tana murza yatsu.

"Inna, to in kwance kayana?"

"Wane kaya?"

Ta durƙusa ta jawo wani ƙunshi daga ƙarƙashin gado, an ɗaure shi tam. Ta ce tun ranar da itatuwa suka yi fure ta haɗa shi, don in motar ta zo kada in tsaya haɗa mata kaya ina kuka a gaban sojoji. Yarinyar nan, kullum tana yi min dariya tana ɗiban ruwa, ashe a kan wannan take kwana.

Ta kwance. Riguna biyu, takalmin babanta, sai tsohon zanina mai ruwan ƙasa, wanda na yi wata guda ina nema har na zargi maƙwabciya.

"Wannan fa, ɓarauniya?" na ce.

"Ƙamshinki yake yi," ta ce.

Kukan da ban yi a kwarin ba, da wanda ban yi a gaban mutane ba, shi ya zo gaba ɗaya. Na riƙe ta har sai da ta ce ina karya mata haƙarƙari. Sannan na share fuska na ce ta mayar da rigunan cikin akwati, ta kuma je ta ba maƙwabciya haƙuri a madadina, don ni ba zan iya ba.